William Wallace Lincoln

William Wallace Lincoln (an haife shi ranar 21 ga watan Disamba, 1850, ya rasu ranar 20 ga watan Fabrairu, 1862), wanda aka fi sani da Willie, shi ne ɗa na uku a cikin 'ya'ya huɗu na shugaban ƙasar Amurka na 16, Abraham Lincoln, da matarsa Mary Todd Lincoln. Ya rasu a Fadar White House yana da shekara 11, lokacin da ake tsaka da yaƙin basasar Amurka. Mafi yawan masana tarihi suna ganin zazzaɓin taifot ne ya yi ajalinsa, cutar da ta hallaka dubban sojoji a wannan yaƙin. Rasuwarsa ta girgiza iyayensa ƙwarai. Mahaifiyarsa ta yi makonni a kwance, kuma ba ta sake komawa yadda take a da ba. Mahaifinsa ya ci gaba da jagorancin yaƙi da wannan baƙin ciki a zuciyarsa har ranar da aka kashe shi a shekarar 1865, aka ɗauki gawarsa tare da ta ɗan nasa a jirgin ƙasa ɗaya zuwa garinsu Springfield.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Willie a garin Springfield na jihar Illinois, inda mahaifinsa yake aikin lauya. An raɗa masa sunan Dokta William Wallace, likita kuma mijin Frances, yayar Mary. Haihuwarsa ta zo ne wata goma da 'yan kwanaki bayan rasuwar yayansa Edward, wanda ake kira Eddie, da ya rasu ranar 1 ga Fabrairu, 1850 bai cika shekara huɗu ba. Babban wansu Robert an haife shi a 1843, autansu Thomas kuwa, wanda aka fi sani da Tad, an haife shi a 1853.

Willie da Tad sun taso tare, ba a raba su. Iyayensu ba masu tsawatarwa ba ne, har abokin aikin Lincoln a ofishin lauya, William Herndon, ya riƙa ƙorafi a kan yadda yaran suke watsar da takardu da littattafai idan mahaifinsu ya zo da su ofis, shi kuwa ko a jikinsa. Sai dai halayen yaran biyu sun bambanta. Tad mai ƙiriniya ne da saurin fushi, karatu bai dame shi ba. Willie kuwa mai natsuwa ne da son littafi, yana rubuta waƙoƙi, yana kuma sha'awar jiragen ƙasa da jadawalin tafiyarsu. Waɗanda suka san gidan sun sha faɗin cewa a cikin 'ya'yan Lincoln, shi ne ya fi ɗauko tunani da halin mahaifinsa.

Zama a Fadar White House

An rantsar da Abraham Lincoln ranar 4 ga Maris, 1861, iyalin suka tare a fadar shugaban ƙasa da ke birnin Washington. Bayan makonni kaɗan, ranar 12 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle. Robert yana karatu a Jami'ar Harvard, saboda haka Willie da Tad ne yaran da ke gidan.

Sun yi abota da wasu yara biyu 'yan gidan Taft, Bud da Holly, waɗanda yayarsu Julia take rako su fadar. Daga baya Julia ta rubuta littafi a kan wannan zamani, aka buga shi a 1931, kuma daga nan aka samu yawancin labaran wasannin yaran. Yaƙin da ake yi a waje shi ne ya zama wasansu. Sun kafa sansani a kan rufin fadar, sun yi fareti, sun kuma sha yanke wa wata 'yar tsana mai kayan soja, da suke kira Jack, hukuncin kisa a kan laifin barci a bakin aiki, har sai da shugaban ƙasa da kansa ya rubuta mata takardar afuwa. An ba Willie kyautar ɗan ƙaramin doki, wanda yake hawa kusan kullum.

A watan Oktoban 1861 aka kashe Kanar Edward Baker, sanata kuma tsohon aminin Lincoln, a fafatawar Ball's Bluff. Sunansa ne aka sa wa marigayi Eddie. Willie, yana da shekara goma, ya rubuta masa waƙar ta'aziyya ya aika wa jaridar National Republican ta Washington, ta kuwa buga ta.

Rashin lafiya

A farkon shekarar 1862 Willie ya kwanta da zazzaɓi, ba da jimawa ba Tad ma ya kamu. Elizabeth Keckley, telar Mary kuma aminiyarta, wadda a da baiwa ce ta fanshi kanta, ta rubuta a littafinta na 1868 cewa sanyi ne ya kama yaron bayan ya hau dokinsa cikin mummunan yanayi. Masana na baya sun fi karkata ga taifot, saboda yanayin ciwon da kuma halin da birnin yake ciki.

Taifot cuta ce da ake ɗauka ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. A lokacin, dubban sojoji sun yi sansani a kewayen Washington da bakin kogin Potomac, ba tare da ingantattun makewayi ba. Ga kuma wata tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa kusa da fadar ta kudu, wadda ta zama matattarar ƙazantar gari. Likitoci ba su san ƙwayar cutar ba tukuna, domin sai a 1880 Karl Eberth ya gano ta, maganin da ke kashe ta kuwa sai a 1948 aka fara amfani da shi. Abin da likitan iyalin, Dokta Robert Stone, yake da shi bai wuce magungunan rage zazzaɓi na wancan zamani da jinya ba. A yaƙin baki ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba.

Ciwon ya zo daidai da wata babbar liyafa da Mary ta shirya ranar 5 ga Fabrairu, 1862, wadda aka gayyaci mutane kimanin 500. Iyayen sun yi tunanin ɗage ta, amma likita ya ba su tabbacin cewa yaron yana samun sauƙi, sai aka yi ta, aka dai soke rawa. 'Yan badujalar soja suna kiɗa a ƙasa, Lincoln da Mary suna ta hawa bene suna duba ɗansu, Keckley na zaune a gefen gadonsa. A daren ne zazzaɓin ya tsananta. Tun kafin wannan rana ana sukar Mary a kan kashe kuɗin da ya zarce dala 20,000 da majalisa ta ware don gyaran fadar, saboda haka liyafar ta ƙara jawo mata surutu a jaridu, ana cewa ana shagali sojoji suna mutuwa. Ita kanta daga baya ta ɗauki rasuwar ɗanta a matsayin horo a kan yadda ta shagala da duniya.

Makonni biyu da suka biyo baya, yaron yana ta ramewa, wani lokaci hankalinsa ya gushe. Ya riƙa neman abokinsa Bud Taft, wanda ya zauna kusa da shi dare da rana. A cikin waɗannan kwanaki ne Janar Ulysses Grant ya ƙwace sansanin Fort Henry ranar 6 ga wata da na Fort Donelson ranar 16, nasarori mafi girma da gwamnatin tarayya ta samu tun farkon yaƙin. Gari yana murna, gidan shugaban ƙasa yana jinya.

Rasuwa da jana'iza

Willie ya cika da misalin ƙarfe biyar na yammacin Alhamis, 20 ga Fabrairu, 1862. Sakataren shugaban ƙasa, John Nicolay, ya rubuta cewa Lincoln ya shigo ofishinsa ya shaida masa cewa yaron ya tafi, sai ya fashe da kuka ya fita. Keckley, wadda ta wanke gawar ta sa mata tufafi, ta ba da labarin yadda ya yaye mayafin da aka rufe fuskar yaron da shi, ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya rufe fuskarsa da hannuwansa jikinsa yana rawa.

Sanata Orville Browning na Illinois, tsohon abokin iyalin, shi ya ɗauki nauyin shirye-shiryen jana'iza. An sa wa gawar maganin hana ruɓewa, dabarar da ta yaɗu a lokacin yaƙin saboda buƙatar mayar da gawarwakin sojoji garuruwansu masu nisa. An ajiye ta a Koren Ɗaki na fadar. An kuma soke ƙawata gine-ginen gwamnati da fitilu da aka shirya yi ranar 22 ga wata don tunawa da haihuwar George Washington.

An yi jana'izar ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, a Ɗakin Gabas, inda aka lulluɓe madubai da baƙin ƙyalle. Fasto Phineas Gurley na cocin da iyalin suke zuwa a titin New York Avenue ne ya jagoranci addu'o'i. Ministoci da 'yan majalisa da manyan hafsoshin soja, har da Janar George McClellan, sun halarta. An yi iska mai ƙarfi a birnin ranar, har ta yaye rufin wasu gidaje. Mary ta yi ban kwana da gawar a keɓe tare da mijinta da Robert, amma ba ta iya halartar taron ba. Tad yana kwance rai a hannun Allah.

An kai gawar maƙabartar Oak Hill da ke unguwar Georgetown, aka ajiye ta a ɗakin kabarin iyalin William Carroll, magatakardan Kotun Ƙoli, wanda ya ba da aron wurin. Nufin iyalin shi ne su tafi da ita Springfield idan wa'adin mulki ya ƙare.

Halin da mahaifiyarsa ta shiga

Mary ta yi kusan mako uku ba ta tashi daga gado ba. Ba ta iya jinyar Tad ba, sai da aka nemo taimako daga waje. Dorothea Dix, shugabar mata masu jinyar sojoji, ta turo Rebecca Pomroy, wadda ita ma ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu. Mary Jane Welles, matar ministan sojojin ruwa, ta taimaka, haka nan Elizabeth Edwards, yayar Mary, ta taso daga Springfield ta zauna da ita.

Ko bayan ta miƙe, Mary ba ta sake shiga ɗakin da Willie ya rasu ba, ko Koren Ɗakin da aka ajiye gawarsa. Ta kawar da kayan wasansa da tufafinsa daga gabanta. Ta hana yaran gidan Taft zuwa fadar domin ganinsu yana tuna mata da shi, wanda hakan ya sa Tad ya rasa ɗan'uwansa da abokansa a lokaci guda. Ta dakatar da kiɗan badujala da aka saba yi wa jama'a a filin fadar da rani, ta kuma shafe fiye da shekara tana sa baƙaƙen kayan makoki. Keckley ta ruwaito cewa wata rana Lincoln ya ja matarsa zuwa bakin taga, ya nuna mata asibitin masu taɓin hankali da ake hangowa daga nesa, ya roƙe ta ta daure, don kada baƙin ciki ya kai ta can.

A wancan zamani, masu da'awar magana da ruhohin matattu sun samu karɓuwa sosai a Amurka, musamman a wurin iyalan da yaƙi ya raba da 'ya'yansu. Mary ta riƙa zuwa irin wannan zama a wani gida a Georgetown, ta kuma gayyaci wasunsu zuwa inda take. Ɗaya daga cikinsu, Charles Colchester, ɗan jarida Noah Brooks ya tona asirinsa a matsayin ɗan damfara. A watan Disamban 1863 ƙanwarta Emilie Helm ta ziyarce ta, bayan an kashe mijinta, janar a rundunar Kudu. Emilie ta rubuta cewa Mary ta shaida mata Willie yana zuwa mata da dare ya tsaya a ƙarshen gadonta yana murmushi, wani lokaci tare da Eddie.

Tsoron sake rasa ɗa ya sa Mary ta daɗe tana hana Robert shiga soja, abin da ya jawo wa iyalin zargi a lokacin da 'ya'yan talakawa suke fagen daga. Sai a watan Fabrairun 1865 ya shiga, a matsayin kyaftin a ofishin Janar Grant. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan rasuwar Willie ta riƙa ziyartar asibitocin soja tana kai 'ya'yan itatuwa da furanni, tana rubuta wa majinyata wasiƙu zuwa gida. Ta kuma tallafa wa ƙungiyar da Keckley ta kafa a 1862 don agaza wa bayin da suka gudo Washington. Keckley ma uwa ce da ta yi rashi, domin an kashe ɗanta tilo, George, a fafatawar Wilson's Creek a watan Agustan 1861.

Halin da mahaifinsa ya shiga

Lincoln ya saba da rashi tun yana yaro. Mahaifiyarsa ta rasu a 1818 yana da shekara tara, yayarsa Sarah ta rasu a 1828, sa'an nan ga Eddie. Duk da haka, na kusa da shi sun ce rasuwar Willie ce ta fi taɓa shi. Bai samu damar janyewa daga aiki ba, domin a kwanakin ne yake matsa wa McClellan lamba ya fita da rundunarsa zuwa Virginia. An ruwaito cewa a makonnin farko yakan kulle kansa a ɗaki ranar Alhamis, ranar da yaron ya rasu, kuma ya koma maƙabartar Oak Hill, har ya sa aka buɗe masa akwatin ya sake ganin fuskar ɗansa.

A watan Mayun 1862, yana ziyara a sansanin Fort Monroe, ya karanta wa wani hafsa mai suna Le Grand Cannon wani sashe na wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna King John, inda wata uwa take kukan rabuwa da ɗanta. Cannon ya ce bayan nan shugaban ya faɗa masa yakan yi mafarkin Willie, yana jin daɗin ganinsa alhali ya san ba gaske ba ne, sai ya kifa kansa a kan tebur yana kuka.

Daga watan Yunin 1862 iyalin suka riƙa yin watannin zafi a wani gida da ke harabar gidan tsofaffin sojoji, kimanin kilomita biyar arewa da fadar, nesa da hayaniya da ɗakunan da suke tuna musu da rashin. A wannan shekarar Lincoln ya tsara sanarwar 'yanta bayi, wadda ya fitar da matakinta na farko ranar 22 ga Satumba. Bai taɓa zama cikakken ɗan wani coci ba, amma masana tarihi da dama sun lura cewa daga wannan lokaci maganganunsa da rubuce-rubucensa sun ƙara karkata ga batun nufin Ubangiji da gazawar ɗan Adam wajen fahimtarsa. A watan Disamban 1862 ya rubuta wasiƙar ta'aziyya ga Fanny McCullough, 'yar wani abokinsa da aka kashe a yaƙi, inda ya ce mata yana magana ne a matsayin wanda ya ɗanɗana, kuma lokaci zai sassauta mata raɗaɗin ko da yanzu ba za ta yarda ba.

Ya ƙara jan Tad a jiki. Yaron yakan shiga ofis ana tsakiyar taro, yakan kuma yi barci a can har dare, mahaifinsa ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi ɗaki. Ranar 10 ga Fabrairu, 1864 gobara ta tashi a bargar dawakin fadar. Lincoln ya fito da gudu yana ƙoƙarin buɗe ƙofar, sai da masu tsaronsa suka janye shi. Dokin Willie yana cikin dabbobin da suka ƙone.

Komawa Springfield

Da yammacin 14 ga Afrilu, 1865, kwana biyar bayan Janar Robert Lee ya miƙa wuya, Lincoln da Mary suka fita shan iska a keken doki. Mary ta ba da labari daga baya cewa mijinta ya ce mata dole su ƙara sakin rai nan gaba, domin yaƙi da rashin Willie sun sa su duka biyu cikin ƙunci. A daren ne John Wilkes Booth ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford, ya cika da safiyar 15 ga wata.

An ɗauko akwatin Willie daga Oak Hill aka sa shi a tarago ɗaya da na mahaifinsa. Jirgin ya bar Washington ranar 21 ga Afrilu, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,600 ta biranen Philadelphia da New York da Chicago da sauransu, ya isa Springfield ranar 3 ga Mayu. Washegari aka ajiye su tare a maƙabartar Oak Ridge.

Tad ya rasu a Chicago ranar 15 ga Yuli, 1871 yana da shekara 18. A 1875 wata kotu ta yanke cewa Mary ta samu taɓin hankali, bisa ƙarar da Robert ya shigar, aka kai ta wani asibiti mai zaman kansa a garin Batavia na Illinois, inda ta yi 'yan watanni. Ta rasu a Springfield ranar 16 ga Yuli, 1882. A yau Lincoln da Mary da Eddie da Willie da Tad duk suna kwance a hubbaren Lincoln da ke Oak Ridge. Robert, wanda shi kaɗai ya yi tsawon rai, ya rasu a 1926 aka binne shi a maƙabartar Arlington.

Makamantan wannan rashi

Ba Lincoln kaɗai ne shugaban Amurka da ya rasa ƙaramin ɗa ba. Benjamin, ɗan Franklin Pierce mai shekara 11, ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa a gaban iyayensa ranar 6 ga Janairu, 1853, wata biyu kafin a rantsar da mahaifinsa. Calvin, ɗan Calvin Coolidge mai shekara 16, ya rasu ranar 7 ga Yuli, 1924 bayan wani ƙaramin ciwo a ɗan yatsan ƙafarsa ya sa guba ta shiga jininsa. Patrick, jaririn John Kennedy, ya rasu a watan Agustan 1963 kwana biyu da haihuwarsa. Shugaban jihohin Kudu da Lincoln yake yaƙa, Jefferson Davis, shi ma ya rasa ɗansa Joseph mai shekara biyar, wanda ya faɗo daga barandar gidansu a Richmond ranar 30 ga Afrilu, 1864.

A adabi da fina-finai

Labarin ziyarar Lincoln zuwa kabarin ɗansa shi ne tushen littafin ƙagaggen labari na George Saunders mai suna Lincoln in the Bardo, wanda ya fito a 2017 ya kuma lashe kyautar Booker ta wannan shekara. Fim ɗin Lincoln na Steven Spielberg, na shekarar 2012, ya nuna yadda rashin Willie ya ci gaba da shiga tsakanin miji da mata shekara uku bayan rasuwarsa. Har yanzu masu ziyara suna zuwa ɗakin kabarin iyalin Carroll a maƙabartar Oak Hill, inda gawar yaron ta yi shekara uku kafin a mayar da ita gida.

Duba kuma

Abraham Lincoln
Mary Todd Lincoln
Yaƙin basasar Amurka
Zazzaɓin taifot
Elizabeth Keckley